Kadangare a Hawa na Sha Bakwai

Ranar da muka karɓi mukullin gidan da muka zauna a unguwar Danau Kota, a ƙasar Malaysia, mai gidan ba ta yarda mun sa hannu a takardar haya ba sai da ta karanta mana ita daga farko har ƙarshe, a tsaye, tana bin kowane layi da ɗan yatsa. Tsohuwa ce 'yar asalin Sin, gajeriya, mai tabarau da igiya a wuya. Kowa a ginin Anti yake ce mata. Da ta zo shafi na huɗu sai ta rage sauri. Ba a kafa ƙusa a bango. Ba a shigo da duriyan, ɗan itacen nan mai warin tsiya. Ba a ajiye kare, ko kyanwa, ko tsuntsu, ko kifi.

Maigidana, wanda ban taɓa kiransa da komai ba sai Malam, mutum ne mai son raha. Ya ce mata, to rago fa, idan Babbar Sallah ta zo? Anti ba ta yi dariya ba. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ciro biro daga jaka, ta rubuta "akuya" a gefen shafin, ta sa mu duka biyu muka sa hannu a ƙarƙashin akuyar.

Ni ce na zo karatu. Digiri na uku nake yi a kimiyyar sinadarai, gwamnati ce ta turo ni. Malam rakiya ya yo. A gida malamin aikin gona ne a makarantar sakandare, ya ajiye aikin na ɗan lokaci ya biyo ni, shi da 'yarmu mai shekara shida. Bizar da aka ba shi ba ta yarda ya yi aiki ba. Da safe ya kai yarinya makaranta, ya dawo ya share gida, ya tsaya a baranda yana kallon motoci daga hawa na sha bakwai, azahar ta yi ya sauka ɗan masallacin da ke ƙasan ginin, wanda suke kira surau. Mutumin da ya saba da kaji da awaki da yara arba'in a aji, ya wayi gari ba shi da abin kiwo ko ɗaya. Ina ganinsa yana yawan shiru, yana ramewa, amma ni ma kaina cike yake da aikin lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, ban san me zan yi masa ba.

A surau ɗin ya saba da wani bawan Allah ɗan ƙasar, mai kimanin shekara sittin, wanda matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai a hawa na tara. Pakcik muke ce masa, kamar dai a ce baffa.

Wata Laraba na dawo da yamma, na ga wani jan haske yana fitowa daga ƙaramin ɗakin da nake karatu. Na leƙa. An kwashe littattafaina daga kan tebur an jera a ƙasa. A wurinsu akwai akwatin gilashi, da yashi a ciki, da guntun itace, da fitila a sama. A kan itacen wani abu yana kwance, ya kai tsawon kamu guda har da wutsiya, launinsa kamar gasasshen burodi, ƙarƙashin haɓarsa duk ƙaya-ƙaya kamar gemu. Ya ɗaga kai, ya lumshe ido, kamar alƙalin da ya riga ya yanke hukunci yana jiran a gama surutu.

Na ce, "Malam, mene ne wannan?"

Ya ce, "Amana ce."

"Kadangare ne."

"Ba irin namu ba ne, Dakta. Kakanninsa daga Ostireliya suke."

Dakta yake ce mini tun ban ci jarrabawa ko ɗaya ba, musamman idan ya yi abin da ya san ba zan so ba. Ya yi mini bayani cewa Pakcik ne zai tafi umara, mako biyu kacal, kuma ba shi da wanda zai bar wa. Na tuna masa da shafi na huɗu. Ya ce shi ma ya tuna, ya ma sake karantawa, babu kadangare a ciki. Sannan ya nuna mini takardar da Pakcik ya bari. A kunna fitila awa goma sha biyu. A yi masa wanka da ruwan ɗumi sau biyu a mako. Da safe a yanka masa ganye da kabewa ƙanana-ƙanana. Da rana a ba shi gyare mai rai, bayan an barbaɗa wa gyaren wani farin gari mai ƙara ƙarfin ƙashi.

Na ce, "Gyare za ka riƙa shafa wa hoda?"

Ya ce, "Mako biyu ne fa."

Mako biyu suka wuce, na uku ya bi su. A na biyar saƙo ya zo. Pakcik ya haɗu da wata bazawara a cikin ayarinsu na umara, an ɗaura aure, ya koma garinsu can arewacin ƙasar. Amarya ta ce ko ita ko kadangare. Ya ce ya bar wa Malam shi kyauta, saboda Allah, kuma yana roƙon a riƙa turo masa hoto.

Na zaci Malam zai damu. Sai na ga ya tashi ya shiga ɗakin, ya tsaya gaban gilashin ya ce, "To Dattijo, ka ji. Mu ne naka yanzu." Tun daga ranar sunan ya bi shi.

Gaskiya ita ce, Malam ya warke. Ya koma cin abinci, ya koma tsokanata. Yana da dalilin shiga mota ya je kantin dabbobi sayen gyare, yana da abin karantawa, yana da wanda zai yi wa faɗa idan ya bar kabewa. Da ya ga zirga-zirgar ta yi yawa sai malamin gona ya motsa a jikinsa. Ya sayo manyan robobi biyu masu murfi, ya huda su, ya jera kwalayen ƙwai a ciki, ya fara kiwon gyaren da kansa. Cikin wata biyu suka yi yawan da ban iya kallonsu. Ni dai na kwashe karatuna na koma teburin cin abinci.

Wata rana ina kiran bidiyo da mahaifiyata, ban lura ba ashe ƙofar banɗaki a buɗe take a bayana. Inna ta matso da fuska kusa da waya ta ce, "Me Malam yake wankewa a can?"

Malam yana tsugune gaban baho, ya naɗe hannun riga, yana goge bayan Dattijo da tsohon buroshin haƙori, yana yi masa magana a hankali. Kafin in samo abin faɗa, yarinya ta leƙo ta ce, "Inna, lizard ɗinmu ne, yana taking bath."

Inna ta ja da baya daga waya. Ta ce a gaida kowa, ta kashe.

Washegari ina lab ta kira ni. Ta ce, "Ke kaɗai ce a wurin?" Na ce e. Ta ce, "Ki gaya mini gaskiya, tun yaushe abin ya fara masa?" Na yi ta rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau, a nan haka mutane suke yi, har kanti ake da shi na musamman. Ta ce ta ji. Ta ce kada in yi masa gardama, in riƙa lallaɓa shi, in ɓoye wuƙaƙe, ita kuma za ta sa a yi addu'a ba tare da an faɗi suna ba.

Anti takan zo duba gida duk bayan wata uku, ranar Asabar da safe, da tocila a hannu ko da rana ta take. Zuwanta na farko bayan Dattijo ya tare, ta turo saƙo saura kwana biyu. Muka zauna shawara kamar masu shirin juyin mulki. Akwatin gilashi mai sauƙi ne: a cire fitila, a lulluɓe shi da zanen tebur, a ɗora littattafaina. Gyare ba ya ɓoyuwa a cikin gida saboda kuka, don haka Malam ya kai robobin wani ɗan lungu mai ƙofa a farfajiyar hawanmu, inda mitocin ruwa suke. Saura Dattijo. Idan babu fitila sanyi yake ji, kuma duk inda aka sa shi sai ya yi ta karce-karce. Wuri ɗaya ne yake kwanciya lamo, wato ƙirjin Malam. Saboda haka Malam ya sa singileti, Dattijo ya maƙale a jiki, aka zura babbar jallabiya a kai.

Anti ta zo ƙarfe goma. Ta haska bango, ta haska ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta shafa saman firji da yatsa ta duba. Ta ga tsaka biyu a silin, ta ce waɗannan tun mijinta yana da rai suke nan, a ƙyale su. Ta wuce akwatin da aka lulluɓe ba ta ko kalle shi ba. Har ta ɗauki jaka za ta tafi, sai Dattijo ya ga dama ya fara hawa sama, ya nufi wuyan riga. Malam ya yi maza ya dafe ƙirji da hannun dama, ya tsaya ƙiƙam kamar ana taken ƙasa.

Anti ta ajiye jaka. Ta ce, "Me ya sa kake riƙe wurin nan?"

Ya ce, "Ba komai, Anti."

"Ba komai, ba komai. Haka mijina ma ya yi ta cewa. Zauna lah." Da wannan "lah" ɗin mutanen ƙasar suke rufe magana.

Ta zaunar da shi a kujera, ta kama wuyan hannunsa na hagu tana duban agogo. Gumi yana keto masa. Ta ce ga shi nan, har da gumi. A daidai lokacin Dattijo ya juya, rigar ta motsa a fili. Anti ta ja da baya ta dafe baki. Ta ce da ni, "Kin gani? Zuciyar tana tsalle har ana gani ta cikin riga!" 'Yarmu ta cusa fuska a matashin kujera, kafaɗunta suna rawa, Anti ta shafa kanta ta ce kada ta yi kuka, babanta zai warke.

Ta fi awa guda a gidan. Ta ba mu labarin yadda mijinta ya ɓoye ciwon zuciya shekara biyu, yana cewa iska ce, har ranar da ya faɗi a wurin ajiye motoci. Tana faɗa idonta yana kawo ruwa. Ta sa Malam ya yi alkawarin zuwa asibiti. Duk wannan lokacin hannunsa yana kan ƙirji, ni kuma ina kallon ƙasa, dariya da kunya suna kokawa a cikina.

Da ta tafi muka cire Dattijo, muka mayar da fitila, muka sauka shagon mamak da ke bakin titi, inda Indiyawa Musulmi suke sayar da shayi da gurasarsu, don mu huce. Sai bayan la'asar Malam ya tuna da robobi. Ya je ya tarar da ƙofar lungun a buɗe, roba ɗaya a kife, murfin ɗayar a gefe. Ba mu taɓa sanin wanda ya buɗe ba. Kwalayen ƙwai ne kawai suka rage, da gyare uku da suka rasa inda za su.

Cikin kwana huɗu ginin ya ɗauki kukan gyare. Suna cikin matakala, suna bayan injin sanyaya ɗaki, suna cikin ramin lif inda duhu ya sa ba su san dare da rana ba. Kana shiga lif ka danna lamba, sai ka ji kamar kana tsakiyar gonar dawa da damina. Wata safiya na shiga tare da wani ɗalibi ɗan kudancin ƙasarmu da ke hawa na ashirin. Ya kasa kunne, ya dube ni ya ce, "Aunty, you dey hear am? Village people don reach Malaysia." Na ce masa Allah ya kyauta.

A zauren waya na mazauna ginin aka rabu. Wata mata ta sa hoton gyare a cikin takalmin jaririnta. Wani ya ce alamar girgizar ƙasa ce. Wani tsoho a hawa na sha biyu ya rubuta cewa rabonsa da barci mai daɗi irin wannan tun yana yaro a ƙauye, yana roƙon a bar su. Malam yana karanta duk wannan, sai na ga ya danna wa tsohon alamar yabo. A ƙarshe masu kula da ginin suka sanar cewa ranar Asabar za a yi feshin maganin ƙwari gida-gida, kowa ya fita daga tara na safe zuwa huɗu na yamma.

A tsakanin nan kuma, duk ranar Talata sai mai gadi ya hawo mana da kwano daga Anti. Miyar ganye ce da wasu saiwoyi, ba nama, da 'yar takarda cewa ta bincika, halal ce, ta zuciya ce. Malam yana shanyewa tas, ya ce ai ba a mayar da alheri.

Ranar feshi muka shimfiɗa tawul a kwandon cefanena, muka sa Dattijo, muka rufe da mayafi, muka nufi kasuwar Masjid India, tunda dama ina son sayen yadi. A cikin jirgin ƙasa sanyin na'ura ya yi yawa. Malam ya leƙa kwando ya ce Dattijo ya yi baƙi, ransa ya ɓaci. Muna sauka a tashar Masjid Jamek ya sayi shayi mai zafi irin wanda ake ƙullawa a leda da igiya, ya naɗe ledar da hankici, ya kwantar a gefensa. Mai shayin ya miƙa masa tsinken zuƙa, Malam ya ce ba sai da shi ba, ba sha za a yi ba.

A kantin yadi na ajiye kwando ina taya wani leshi. Da na waiwaya sai na ga mutane sun taru a bakin ƙofa. Dattijo ya fito, ya hau kan wani bandir mai ruwan zinari da rana ta haska, ya baje ciki, ya ɗaga kai. Na ce yau mun shiga uku. Amma mai kantin, wani Ba'indiye mai furfura, ya ɗaga mini hannu ya ce in bar shi. Mata suna ɗaukar hoto, daga hoto su shigo su taɓa yadi. Wata ta tambaya ko da shi ake sayar da bandir ɗin. Mai kanti ya aika aka kawo mana kujeru, ya tambayi Malam ko za su iya zuwa duk Asabar.

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Anti ce. Ta ce, "Ina gidanku. Ku dawo yanzu." Ta kashe.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne, Anti ba za ta taɓa barin masu feshi su shiga gidanta ba tare da tana tsaye a kansu ba. Mu kuwa mun fita mun bar akwatin a buɗe, da fitilarsa, da yashinsa.

Muka same ta a falo, tagogi duk a buɗe, warin magani bai gama fita ba. Ta zauna a kujerar da ta zaunar da Malam rannan. A kan tebur ga takardar haya an buɗe shafi na huɗu, a gefenta ga wata busasshiyar fata da Dattijo ya saɓe, ta ɗora a kan tishu.

Ta ce, "Ina macijin?"

Malam ya ce, "Ba maciji ba ne, Anti."

Tun a jirgi yake shirya hujjojinsa, yana jera mini su da yatsu. Takarda ba ta ambaci kadangare ba. Tsakar da ke silin ma dangin kadangare ce, kuma ita da bakinta ta ce a ƙyale su. Ya ce zai yi mata magana ta ilimi. Amma da ya sa hannu a kwando ya ɗago Dattijo, sai Dattijo ya yi abin da ya saba: ya haye hannunsa, ya wuce ƙirji, ya maƙale daidai wurin nan, ya lumshe ido.

Anti ta dube shi. Ta dubi Malam. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

Ta ce, "Wannan ce zuciyar?"

Malam ya gyaɗa kai.

"Mako uku ina dafa wa wannan miya?"

Duk hujjojin Malam suka zube. Ya durƙusa a gabanta kamar yadda ake yi wa manya a gida, da kadangare a ƙirji, ya ce ya yi kuskure, ya ji kunya tun ranar, kuma abin da ya fi damunsa shi ne labarin mijinta da ta ba mu da zuciya ɗaya. Ya ce idan ta ce mu tashi, za mu tashi. Ban taɓa jin Turancinsa ya fita a hankali haka ba.

Ta dubi takardar da ke kan tebur. Sannan ta ce, "Ƙwarin nan da suka hana mutane sakat, su ma naku ne?"

Sai 'yarmu, wadda Hausarta ba ta nuna ba, ta so ta taimaka. Ta ce da ni, "Ummi, ki gaya mata Abba ne ya haife su." Ta kuma maimaita wa Anti da Turanci, don kada a samu kuskure.

Anti ta ce a ajiye shi a tebur ta gani. Malam ya ajiye shi kusa da takardar. Dattijo ya karkata kai ya dube ta da ido ɗaya. Sai ya ɗaga ƙafarsa ta gaba, ya juya ta a iska sannu a hankali, ya sauke. Irinsu suna yin haka idan sun ga abin da ya fi ƙarfinsu, Malam ya taɓa karanta mini. Anti ba ta san wannan ba. Na ga hannunta ya ɗan tashi daga cinyarta, ta mayar masa da gaisuwa, sannan ta yi sauri ta gyara igiyar tabarau kamar dama abin da za ta yi ke nan.

Ta ciro biro. A ƙarƙashin akuya ta rubuta layi biyu, ta karanta mana da ƙarfi: kadangare ɗaya, boleh, wato an yarda. Gyare, tak boleh, ba a yarda ba. Muka sa hannu. Ba ta taɓa gaya wa masu kula da ginin daga inda ƙwarin suka fito ba.

Na ɗauka mun huta ke nan. Ashe duba gida na wata uku-uku ne ya koma na mako-mako. Duk Asabar sai ga Anti da ƙullin ganye daga lambunta, wai ta zo duba famfo. Ta haska famfo da tocila na daƙiƙa biyu, ta wuce ƙaramin ɗaki, ta ja kujera. Ita da Malam su yi ta musu a kan ko kabewa ta yi yawa, ko fitila ta yi kusa. Tunda an hana gyare, aka koma tsutsotsi, waɗanda ake ajiyewa a firji cikin roba irin ta man shanu. Sau ɗaya na yi kuskuren buɗewa da safe, ina riƙe da burodi.

A shekararmu ta ƙarshe, ina tsakiyar rubuta kundina, Dattijo ya daina cin abinci. Ya yi ta tonon yashi, ya tona nan ya koma can. Malam ya rasa sukuni. Anti ta zo ran Laraba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce gobe za ta kai su wurin likitan dabbobi da motarta. Da safe kafin ta iso, na ji Malam ya yi salati a ƙaramin ɗaki. Na ruga. Yana tsaye ya riƙe ƙugu. A kusurwar akwatin ga ƙwai farare, ƙanana kamar dabino, guda goma sha tara.

Ya ce, "Dakta, Dattijo ya yi ƙwai."

Shekara biyu da rabi yana kiranta Dattijo, yana ba ta labarin siyasa. Ya gwada canza mata suna, bakinsa ya ƙi, aka ci gaba da cewa Dattijo ta ci, Dattijo ta ƙi.

Na gaya musu, shi da Anti, cewa ƙwan nan fanko ne. Ba ta taɓa ganin namiji ba tunda ta zo gidan nan, kuma Malam da ya koyar da kiwon kaji ya fi kowa sanin kaza tana yin ƙwai ba zakara. Suka dube ni kamar na faɗi abin da bai dace ba a gidan suna. Malam ya ce shi ma ya sani, amma a bar wa Allah ikonsa. Anti ta ce masu karatu da yawa ba su da haƙuri. Suka zuba yashi mai danshi a roba, suka jera ƙwan da cokali, suka ɗora a saman firji inda ɗumi yake. Suka raba 'ya'yan tun ba a ƙyanƙyashe ba: tara nata, tara na Malam, ɗaya a aika wa Pakcik ko amarya ta so ko ta ƙi.

Kwana saba'in suna jira. Ƙwan suka motse, suka yi rawaya, suka fara wari. Ranar da na kare kundina a gaban malamai aka ce na ci, na dawo gida da murna, na tarar da su biyun zaune a falo shiru, robar tana tsakaninsu. Suka yi mini barka da muryar ta'aziyya. Anti ta naɗe ƙwan a jar takarda ta tafi da su, ta ce za ta binne a gindin bishiyar gwandarta.

Da lokacin komawarmu gida ya zo, ba a yi wata doguwar shawara ba a kan inda Dattijo za ta zauna. Anti ta zo da 'yar motarta ana saura kwana biyu mu tashi. Malam da mai gadi suka sauko da akwatin, aka sa shi a kujerar gaba, ta ɗaura masa bel. Malam ya shafa bayan Dattijo da yatsa ɗaya, ya rufe ƙofa, ya ja baya.

Anti ta tayar da mota. Don kada yashi ya zube, tafiya take kamar ta mai tura baro. Malam ya ga motar ba ta yi nisa ba, sai ya bi ta a ƙafa zuwa bakin get. A get ma ba ta ƙara sauri ba, shi ma bai tsaya ba. Ni da yarinya muna tsaye muna kallonsu, mota a kan titi, shi a gefen titi, hannunsa a kan rufinta, motocin baya suna ta hon. Haka suka tafi har fitilar kan hanya, suka sha kwana.

Sai bayan kusan awa ɗaya ya dawo, jallabiyarsa jiƙe da gumi, da ledar shinkafa ƙulli uku a hannu. Ya ce ya raka su har gadar sama, daga nan babu hanyar ƙafa. Ya ajiye ledar a ƙasa, don an riga an kwashe tebur, ya ce mu ci tun da zafi.